Daga ganyen baba zuwa randar shuni

Duk wanda ya tsinki ganyen baba ya duba ba zai ga shuɗi a jikinsa ba. Kore ne shar, ƙananan ganye a jere biyu-biyu a kan siririn reshe. Na daɗe ina koyar da ilimin sinadarai a sakandare, ina gaya wa yara cewa tsirrai da ƙananan halittu ne suka fara haɗa yawancin magunguna da launukan da ɗan Adam ya sani, amma duk a kan allo maganar take ƙarewa. A daminar bara na ce bari in ɗauki abu ɗaya in bi shi tun daga iri har zuwa tufa, in ga a wane mataki shuɗin yake fitowa, kuma wa yake yin aikin. Baba na zaɓa, saboda kawuna marini ne. Ya bar karofi tun lokacin da shunin kamfani ya cika kasuwa, amma sana'ar tana nan a kansa daram.

Shi ya nemo mini irin, na shuka a gefen gonar bayan gida da ruwa ya zauna. Baba ba ya da fitina, ciyawa kawai za ka cire masa. Da ya kai gwiwa sai na tuge guda ɗaya na wanke saiwar, domin akwai abin da nake nema. Baba dangin wake da gyaɗa ne, kuma a saiwarsa akwai ƙananan ƙulle-ƙulle, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Na fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Bakteriya ce zaune a ciki, wadda masana ke kira Rhizobium da danginta. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya cin moriyarta kai tsaye. Bakteriyar ce ke kama ta ta mayar da ita abin da saiwa za ta iya sha, tsiron kuma ya biya ta da sukari. Kowace ƙwayar sinadarin shuni tana da zarrar kabon 16, haidirojin 10, oksijin 2 da naitirojin 2. To wani kaso na wannan naitirojin ɗin daga waɗannan ƙulle-ƙulle ya taso. Tun ba a je ko'ina ba, an riga an samu ma'aikaci na biyu bayan tsiron.

Abin da ke faruwa a cikin ganye kuwa ido ba ya gani, sai dai a bi abin da bincike ya tabbatar. Ganye yana haɗa sukari daga hasken rana, ruwa da iskar kabon. Daga gutsattsarin wannan sukari ne yake bin wata doguwar hanya, mataki bayan mataki, kowane mataki da inzayim ɗinsa, wato furotin ɗin da ke tura wannan canji guda ɗaya. Asalin hanyar ta haɗa tiriftofan ce, ɗaya daga cikin tubalan furotin, wanda jikinmu ba ya iya haɗawa, sai mun ci a abinci. Dab da ƙarshen hanyar akwai wani sinadari mai suna indol. Kowane tsiro yana bin wannan hanya. Abin da baba ya fi sauran da shi shi ne yana karkatar da wani ɓangare na indol ɗin, ya maƙala masa oksijin ya zama indoksil. Indoksil ba ya zama lafiya, da ya ga iska sai ya canja, kuma zai iya cutar da ganyen kansa. Don haka nan take wani inzayim yake ɗaura masa gulukos guda ɗaya, wato wani nau'in sukari, ya koma indikan, wanda ba shi da launi, yana narkewa a ruwa, kuma yana zaune shiru. Wani masani ɗan Ingila, Edward Schunck, shi ya raɗa wannan suna a 1855.

Dabarar tana wajen ajiya. A cikin kowace ƙwayar halittar ganye, indikan yana wata jaka daban, inzayim ɗin da ke iya cire masa gulukos kuma yana wani sashe daban, kamar mai gida da ya ajiye fetur a ɗaki ɗaya, ashana a wani. Sai an fasa ganyen, ko ƙwaro ya tauna ko taɓarya ta daka, sannan su haɗu. Masana sun fi karkata ga cewa kariya ce tsiron yake yi wa kansa daga ƙwari da cututtuka. Kuma ba baba kaɗai ke wannan wayo ba. Ɗanyen rogo mai ɗaci yana ɓoye gubarsa ta sayanayid a haka, shi ya sa ake gurza shi a jiƙa a shanya kafin a ci. Ƙaramar dawa da ta tofo bayan an yanke ita ma haka, makiyaya sun san abin da take yi wa shanu. Tafarnuwa ba ta tashi da ƙarfinta sai an daka ta.

Gwajin farko mai sauƙi ne, kowa zai iya yi. Na shimfiɗa farin ƙyalle na auduga a kan dutse, na jera ɗanyun ganye, na ninke, na bubbuga da taɓarya. Tabon ya fito kore. Na bar shi a inuwa ya sha iska, sannan na wanke da sabulu. Koren ya tafi da ruwan sabulu, ya bar siffar ganyen da shuɗi mai haske, har jijiyoyinsa ana gani. Kawu ya ɗauka ya juya shi, ya ce, "To, ɗan nan, ka rina abin goge hanci. Saura riga."

Yanka baba da sassafe ake yi, lokacin da ya fara fitar da fure, kafin rana ta buge shi. Shawarar Kawu ce, kuma ta yi daidai da abin da na karanta, domin a wannan lokaci indikan ya fi yawa a ganye. Na raba abin da muka yanka gida biyu. Kashi ɗaya na bi hanyar jiƙawa da aka fi sani a Indiya, ɗayan na bar wa Kawu ya yi yadda ya gada.

Nawa na cusa a babbar roba, na zuba ruwan rijiya har ya rufe, na danne da duwatsu. Washegari ruwan ya koma kore mai ratsin rawaya, samansa da wani ƙyalli mai shuɗi-shuɗi, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Warin kuwa ba a magana, uwargida ta ce in matsar da robar can bayan rumbu. Abin da ya faru shi ne ganyen ya fara ruɓewa, jakunkunan nan sun fashe, indikan ya fito ruwa, inzayim ɗin ganye da bakteriyar da ke ruwan suna ta yanke masa gulukos. A nan akwai ƙa'ida: in aka tsame ganyen da wuri, rabin indikan yana ciki; in aka bar shi ya wuce lokaci, indoksil ya lalace ya bi wasu hanyoyi, launin ya dushe. A zafin ƙasarmu abin ba ya son ya wuce yini da kwana.

A gefe na yi wani ƙaramin gwaji domin 'yan ajina. Kofi biyu, ganye daidai wa daida. Na farko na tsoma ganyen a ruwa mai tafasa, na biyu a ruwa mai ɗumi. Da na kaɗa su daga baya, na ɗumin ya yi shuɗi, tafasasshen ya tsaya ruwan shayi. Ba wai indikan ya ƙone ba, yana nan, inzayim ɗin ne zafi ya kashe. Da na matsa ruwan ɗanyen ganye a cikin tafasasshen bayan ya huce, na dakata kaɗan na sake kaɗawa, sai ga shuɗi. Wata yarinya a layin baya ta ce, "Malam, ashe ba ganyen ne ke da launin ba, haɗuwar ce." Na fi son wannan amsa a kan duk abin da na rubuta musu a allo.

Na tsame ganyen daga robar, na zuba ruwan toka da na tace, sannan aka shiga kaɗawa. Ɗebo da ƙwarya, ɗaga sama, kwararo, a sake. Wannan shi ne wurin da ya fi gajiyarwa kuma ya fi daɗin kallo. Kumfa ta fara tashi fara, ta koma kore, sai ta rikiɗe shuɗiya tun daga gefen roba tana shigowa tsakiya. Ruwan da ke ƙarƙashi ya yi duhu. Oksijin ce ke shiga tana haɗa indoksil biyu-biyu, kowane biyun da suka haɗu sun zama indigo guda ɗaya, wato ainihin shuni. Kawu ya ce in ɗebo a farin kwano in ɗaga wa haske. Ƙananan ɗigo-ɗigo ne suke yawo a cikin ruwa mai kalar ƙasa. Shuni ba ya narkewa a ruwa, da ya samu sai ya rabu ya nemi ƙasa. Na bar robar ta kwana, na tsiyaye ruwan sama a hankali, na tace lakar da ƙyalle, na shanya a inuwa.

Abin da na samu bai cika tafin hannu ba, daga dami guda mai nauyi. Ban yi mamaki ba, indikan a ɗanyen ganye yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Amma da ka riƙe ɗan dunƙulen nan a hannu sai ka fahimci dalilin da ya sa aka yi ta rikici a kan wannan tsiro a duniya, har manoman Champaran a Indiya da ake tilasta wa nomansa suka kira Gandhi a 1917. Da na karce dunƙulen da farce, wurin ya yi ƙyallin jan ƙarfe. Akwai kuma ɗan ja a cikin shuɗin, daga wani ɗan'uwan indigo mai suna indirubin, wanda ke samuwa idan indoksil ya haɗu ta wata fuskar daban. Shi ne ɗaya daga cikin abubuwan da ke sa rinin ganye ya bambanta da na kamfani a ido.

Kawu bai wahalar da kansa da wannan ba. Daka nasa aka yi a turmi, ya cura, ya shanya, curin ya bushe baƙi-baƙi. A hanyarsa shunin yana samuwa a cikin ganyen, ba a raba su, kuma daga baya na gane cewa dusar ganyen da ta rage tana da nata amfanin.

Yanzu ga matsalar da ta sa rini ya zama sana'a. Abin da ba ya narkewa ba ya shiga zare. In ka dama shuni a ruwa ka tsoma yadi, da ka ɗauraye zai zube. Dole a narkar da shi tukuna, kuma hanyar kaɗai ita ce a mayar da shi baya, a ba shi ilektiron biyu, wato 'yan ƙananan ɓangarorin zarra masu ɗauke da lantarki, ya koma wani abu mai launin rawaya-kore wanda ke narkewa a ruwa mai kaifin toka. Masu rinin zamani suna yin haka cikin ƙanƙanin lokaci da soda da hodar haidiro, wani sinadarin kamfani mai narkar da shuni. A karofi bakteriya ce ke yi.

Ba mu da rijiyar marina, sai muka binne babbar randa har wuya a ƙasa, domin ɗumin cikinta kada ya riƙa hawa da sauka. Rijiyoyin gaske, irin na Ƙofar Mata a Kano waɗanda masu wurin ke cewa tun 1498 suke, zurfinsu ya fi tsayin mutum, kuma zurfin yana da dalili: ƙasa tana riƙe ɗumi, bakin kuma ƙarami ne, iska ba ta samun wurin shiga sosai. Muka zuba ruwa, ruwan toka, curin Kawu da aka farfasa, da nawa ɗan shunin da na dama. Kawu ya so a ce akwai katsi, wato lakar tsohuwar rijiya da ake ƙonawa a sake amfani da ita, amma ba mu da shi, sai muka ƙara toka da ɗan kanwa. Na kawo takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsami da kaifin ruwa, daga makaranta, ta nuna tsakanin 10 da 11. Kawu ya tsoma yatsu biyu ya murza, ya ce santsin ya yi. Na lura duk lokacin da takardata ta ce abin ya sauka, yatsunsa sun riga sun faɗa.

Kullum safe da yamma ana juyawa da muciya, a hankali, daga ƙasa zuwa sama, ba tare da an fantsama ba, sannan a rufe. A robar farko duk ƙoƙarina in shigar da iska ne. A randa duk ƙoƙarin a hana ta shiga ne. Bakteriyar da ake so tana zuwa da kanta a jikin ganyen, irin wadda ke jure toka kuma ba ta son iska. Tana cin dusar ganye, sauran ƙananan halittu suna cinye oksijin ɗin da ke ruwan, ita kuma ilektiron ɗin da ta samo daga abinci sai ta sauke su a kan ƙwayoyin shuni. An gano irin waɗannan a wurare daban-daban: a Ingila masu bincike a Jami'ar Reading sun ware Clostridium isatidis daga rinin gargajiyar Turai, a Japan kuma an samu dangin Alkalibacterium a randunan rininsu. Kaifin tokar yana aiki biyu, yana riƙe narkakken shuni a ruwa, yana kuma korar bakteriyar da za ta ruɓar da komai. Amma cin da suke yi yana haifar da tsami, tsamin yana rage kaifin, shi ya sa ake ta ƙara toka. In an yi sakaci randa ta yi ɗoyi ta mutu. In an zuba toka fiye da kima, ma'aikatan ne za su tsaya.

Kwanakin farko ba abin da ya canja sai wari. Na fara tunanin ko in zuba ɗan sukari, Kawu ya hana. "Ba a gaggauta mata, ɗan nan. In ta nuna za ta gaya maka." Daga baya ya yarda na barbaɗa ɗan dusa kaɗan. Can wata safiya na buɗe faifai, sai ga wata fata siririya mai ƙyallin jan ƙarfe ta rufe saman ruwan, kumfa mai duhun shuɗi ta taru a tsakiya, kuma ba ta fashewa. Na tura fatar gefe da cokali, ruwan ƙasa rawaya-kore ne, garau. Warin ma ya sauya, ya bar na ruɓa ya koma wani mai kauri da Kawu ya shaƙa ya yi murmushi, ya ce rabonsa da shi tun kafin a haifi autarsa.

Na jiƙa farin yadi da ruwa na matse, na zura shi ta gefen randa a hankali don kada ya tafi da iska, na riƙa murza shi a ƙarƙashin ruwa. Da na fito da shi launin ɗanyen lemun tsami ne. Na buɗe shi a iska, ina riƙe da shi, kore ya yi duhu, ya bi ta launin ganye, gefuna suka fara shuɗi, kafin in kira yara su zo su gani ya gama juyawa. Oksijin ta ƙwace ilektiron biyun nan, shuni ya koma marar narkewa, amma wannan karon a cikin ramukan zaren, inda ba shi da hanyar fita. Ba ya ɗaurewa da auduga, maƙalewa kawai yake yi. Shi ya sa wandon jins ke koɗewa a gwiwa, shi ya sa kuma ba a samun duhu da tsomi ɗaya. Sai an tsoma, a sha iska, a sake tsomawa, sau da yawa, kowane zagaye yana ɗora sabon shafi. Baƙin turkuɗi da rawanin ɗan Kura da Buzaye ke nema, bayan tsomin, sai an kai mabuga an buga musu garin shuni har su yi ƙyalli, kuma wannan na sama ne ke zuba a fatar mai sanye da su. Matafiyi Bajamushe Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya rubuta cewa yadin da ake saƙawa a rina a nan yana kaiwa har Timbuktu da Tarabulus.

Abin da ya karya wannan kasuwa a Jamus aka ƙulla shi. Adolf von Baeyer ya gano tsarin ƙwayar indigo a 1883, kamfanin BASF ya fara sayar da na masana'anta a 1897, kuma cikin 'yan shekaru noman baba a Indiya ya durƙushe. Sinadarin iri ɗaya ne, ba na cikin masu cewa na kamfani jabu ne. Bambancin yana wajen abin da aka kashe kafin a same shi: can man fetur da sinadarai masu haɗari, nan rana da ruwan sama da toka. Abin dariya, yanzu masana sun juyo suna neman hanyar halitta. A 1983 wasu masu bincike a Amurka sun sa wa bakteriyar E. coli wani inzayim na wata bakteriyar mai suna Pseudomonas domin wani aiki daban, sai suka ga ta fara fitar da shuɗi, ashe tiriftofan take mayarwa indigo. A 2018 wasu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka kwaikwayi tsiron sosai, suka sa bakteriya ta haɗa indikan da gulukos ɗinsa, ta yadda za a cire gulukos ɗin a kan yadin kansa ba tare da haidiro ba. Hatta jikinmu yana taɓa wannan hanya. Bakteriyar hanji tana mayar da tiriftofan indol, hanta ta canja shi ya fita a fitsari, kuma a wasu majinyata masu robar fitsari wata bakteriyar takan mayar da shi indigo da indirubin, jakar ta koma shunayya. Ma'aikatan jinya sun san da wannan.

Randarmu ta rina mayafi biyu da 'yar shara ɗaya mai matsakaicin duhu kafin ƙarfinta ya fara raguwa. Da hunturu ya shigo ƙasa ta yi sanyi, kumfar ta daina tashi, yadi yana fitowa da launi kaɗan. Kawu ya sa muka tsiyaye ruwan, muka kwashe lakar ƙasa, muka cura muka shanya a kan rufin kaji. In ta bushe za mu ƙona ta, mu samu katsin da muka rasa a karon farko. Iri kuma na riga na tara a gwangwani, kuma bana gonar makaranta zan kai shi, 'yan aji biyu su yi nasu tun daga shuka.